Karayar Fuska Ba Ta Warke Ba Sai Haƙora Sun Koma Mazauninsu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya, kai da dukkan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani ɓangare na jinyar waɗanda suka yi hatsari, wanda a ganina ba a ba shi kulawar da ta dace ba, wato gyaran muƙamuƙi da haƙora ga mutumin da ya karye a fuska. Na yi shekaru ina aiki a sashen haƙori na wani asibitin gwamnati kafin in yi ritaya, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai daga wannan aiki shi ne yawan mutanen da ake sallama a ce sun warke, alhali haƙoransu na sama da na ƙasa ba sa haɗuwa yadda suke haɗuwa kafin hatsarin. Rauni ya rufe, kumburi ya saɓe, dangi sun yi barka da arziki, amma mutumin ya koma gida da bakin da ba zai iya tauna nama da shi ba.

Karayar fuska ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Tun a 1980 likita E. O. Adekeye, wanda ya yi aikin tiyatar fuska da muƙamuƙi a Kaduna, ya wallafa nazarin da ya yi a kan mutum 1,447 da suka karye a fuska, inda ya nuna cewa hatsarin hanya ne ya fi kawo su asibiti, kuma mafi yawansu maza ne masu jini a jika. Wani nazarin da aka wallafa daga Maiduguri a 2002 ya nuna cewa a can duka da faɗa sun sha gaban hatsarin hanya. A kan waɗannan sai a ƙara faɗowa daga bishiya, wanda ya fi samun yara a lokacin mangwaro, da harbin doki ko jaki, da tunkuyin sa, da kuma harsashin bindiga da ya addabi yankuna da dama na Arewa a shekarun nan. Gwamnatin Kano ta hana acaɓa a cikin birni a watan Janairun 2013, amma babur bai bar titi ba, kuma a ƙauyuka shi ne abin hawan kowa, daga mai kai amarya har mai kai mara lafiya asibiti.

Domin mai karatu ya fahimci inda matsalar take, dole in ɗan bayyana yadda ƙashin yake. Muƙamuƙin ƙasa ƙashi ne guda ɗaya mai lanƙwasa, wanda ya taso daga gaban kunnen dama, ya zagayo ta haɓa, ya ƙare a gaban kunnen hagu, kuma a kowane gefe yana da ɗan kai da ke juyawa a cikin wani gurbi a gindin ƙoƙon kai. Saboda wannan siffa tasa, idan ya sha bugu a wuri ɗaya yakan karye a wuri biyu. Mutum zai faɗi a kan haɓarsa, a ɗinke masa yankan da ake gani, a ba shi maganin ciwo a sallame shi, ba tare da an lura cewa ƙarfin bugun ya bi ƙashin har ya karya wuyan ɗan kan nan da ke gaban kunne ba. Idan gefe ɗaya ne ya karye, haɓarsa za ta riƙa karkata zuwa wannan gefen duk lokacin da ya buɗe baki. Idan kuwa duka biyun ne, tsokokin tauna za su janye ƙashin sama ya gajarta daga baya, sai turame su haɗu da juna, haƙoran gaba kuma su bar rata a tsakaninsu wadda harshe zai iya shiga ta. Muƙamuƙin sama shi ma yana da nasa salon karayar, wanda wani likitan Faransa mai suna René Le Fort ya kasa gida uku a 1901, gwargwadon tsayin layin da karayar ta bi a fuska, kuma har yau da sunansa likitoci suke kiran waɗannan karayoyi. A irin wannan karayar, ƙashin da ke ɗauke da haƙoran sama yakan zame baya da ƙasa, fuska ta yi tsawo, tsakiyarta ta lotsa.

Abin da nake so kowa ya riƙe shi ne cewa haɗuwar haƙora ita ce ma'aunin da ake gane ko ƙashin fuska ya koma mazauninsa. Allah Ya yi wa haƙori saurin ji mai ban mamaki, shi ya sa mai cin shinkafa yake gane ƙwayar tsakuwa guda a cikin loma. Saboda haka idan ƙashi ya goce da milimita ɗaya ko biyu, mai karayar ne zai fara sani tun kafin a ɗauki hoton ƙashi. Zai ce, “Haƙorana ba sa haɗuwa,” ko ya ce, “Ina jin kamar bakin ba nawa ba ne.” Wannan magana ba ƙorafin mai raki ba ne, bayani ne da ya kamata ma'aikacin lafiya ya ɗauka da muhimmanci kamar yadda yake ɗaukar awon jini. Haka kuma idan leɓen ƙasa ya mutu ba a jin taɓi a kansa, alama ce cewa karayar ta taɓa jijiyar da ke ratsa cikin ƙashin, kuma idan an ga jini ya taru a ƙarƙashin harshe, ko an ga layin haƙora ya yi tudu da gangare a wuri guda, to akwai karaya har sai an tabbatar da akasin haka.

Lokaci kuwa ba ya jira. Ƙasusuwan fuska suna da wadatar jini, don haka suna saurin kamawa, kuma bayan mako biyu zuwa uku sun fara haɗewa a duk inda suka tsinci kansu, ko daidai ko a karkace. Na san dalilan da ke jawo jinkiri, kuma ba dukkansu ne laifin wani ba. Wanda ya bugu a ka har ya suma, dole a fara ceto ransa kafin a waiwayi haƙoransa. Wani kuma kuɗin hoto da na aiki ne suke gagarar danginsa, sai an sayar da akuya ko an jira amfanin gona. Wani a garinsu babu likitan haƙori ko ɗaya, balle na tiyatar fuska, sai an yi tafiyar yini guda. Amma akwai jinkirin da rashin sani ne kawai ke kawo shi, inda ake cewa a bari kumburi ya saɓe tukuna a gani, har makonni su shuɗe ba wanda ya sake duba bakin.

A nan ina so in yi magana da masu ɗorin gargajiya cikin girmamawa, domin sana'a ce ta gado, kuma jama'a sun yarda da su. Muƙamuƙi ba kamar ƙafa ko hannu ba ne. Ba a iya ɗaure shi da karare daga waje a ce ya zauna, domin tsokokin da ke manne da shi suna jan kowane ɓangare zuwa nasa wajen dare da rana, ko mutum yana barci. Bayan haka, karayar da ta bi ta tsakanin haƙora a buɗe take zuwa cikin baki, miyau da guntun abinci suna shiga cikinta, kuma idan ba a tsabtace ta an ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta ba, ƙashin zai iya ruɓewa ya riƙa fitar da mugunya ta ƙarƙashin haɓa har tsawon watanni. Gashi da ruwan zafi da shafa man gargajiya ba sa mayar da ƙashi gurbinsa. Babban taimakon da mai ɗori zai yi wa wanda aka kawo masa da karayar fuska shi ne ya ce wa danginsa su wuce da shi asibiti a ranar.

Idan an zo da wuri, aikin bai cika wahala ba. Hanyar da aka fi sani ita ce a ɗaura ƙarfe mai ƙugiyoyi a jikin haƙoran sama da na ƙasa, a daidaita su su haɗu yadda suke a da, sannan a ɗaure baki da waya na tsawon mako huɗu zuwa shida, mutum yana rayuwa a kan kunu da koko da madara da romo. Akwai wahala a ciki, mutum yakan rame, amma ƙashi yakan kama daidai. Hanya ta biyu ita ce a yi tiyata a ɗaure karayar da 'yan ƙananan ƙarafa na taitaniyam da kusoshinsu, yadda mutum zai iya buɗe bakinsa da wuri, sai dai ta fi tsada. A duka hanyoyin biyu, likita ba ya ɗaure ƙashi sai ya fara haɗa haƙora, domin su ne suke nuna masa inda ƙashin yake tun asali.

To, idan ƙashi ya riga ya kama a karkace fa? A nan ne aikin likitan daidaita haƙora yake shigowa, kuma a nan ne na ga jama'a sun fi ƙarancin sani. Haƙori ba a kafe yake a cikin ƙashi ba kamar yadda ake zato. Akwai wasu siraran zaruruwa da suke riƙe da saiwarsa, kuma a tsawon rayuwa yana motsi kaɗan kaɗan, yana neman abokin haɗuwarsa. Idan muƙamuƙi ya karkace aka bar shi shekara biyu ko uku, haƙoran za su bi karkatar: wanda ya rasa abokin cizo zai ƙara tsawo, na kusa da giɓi zai kwanta ya cike giɓin, wanda nauyin tauna ya taru a kansa zai cinye ko ya fara girgiɗi. Na taɓa ganin wani matashi da ya zo bayan shekaru da faɗuwa a babur, turamensa biyu kawai suke haɗuwa a duk bakinsa, kuma da su yake tauna komai har suka fara tsagewa. Da a makon farko ya zo, ɗaurin waya ya ishe shi. A lokacin da ya zo kuwa, ko da an sake karya ƙashin an mayar da shi mazauninsa na asali, haƙoran ba za su haɗu ba, domin su ma sun bar nasu mazaunin.

Abin da likitan daidaita haƙora yake yi shi ne ya manna wani ɗan ƙaramin ƙarfe a fuskar kowane haƙori, ya ratsa waya ta cikinsu. Wayar farko siririya ce mai laushi wadda ke ƙoƙarin komawa siffarta ta asali, kuma a wannan ƙoƙarin ne take tura haƙoran a hankali. A gefen da ake tura haƙori ƙashi yana narkewa, a gefen da ya baro kuma sabon ƙashi yana tsirowa, shi ya sa ba a gaggawa, kuma abin da haƙori yake tafiya a wata guda bai cika wuce milimita ɗaya ba. Mutum zai riƙa komawa asibiti duk bayan mako huɗu zuwa shida a canza waya ko a ƙara mata ƙarfi, wani lokaci kuma a ba shi 'yan robobi ya riƙa maƙalawa tsakanin haƙoran sama da na ƙasa. Ga wanda ya yi hatsari akwai ƙarin taka tsantsan. Haƙorin da ya sha bugu ba a fara tura shi sai an ba shi watanni, wani lokaci har shekara, ana duba ko jijiyarsa tana da rai kuma saiwarsa ba ta narkewa. Akwai kuma haƙorin da bugu yake sa saiwarsa ta manne da ƙashi kai tsaye, wanda ko an shekara ana jansa ba zai motsa ba, sai ma ya janyo maƙwabtansa zuwa wurinsa. Wanda bai yi karatun wannan fanni ba ba zai gane irin wannan haƙori ba sai ɓarna ta auku.

Sai dai waya tana da iyakarta. Idan gocewar kaɗan ce, waya da robobi, ko ɗan goge saman wasu haƙora, sun isa su gyara cizon. Idan kuwa ƙashin da kansa ya karkace sosai, to lamarin kamar kwano ne da murfinsa: matuƙar bakin kwanon ya lanƙwashe, duk yadda aka juya murfin ba zai zauna ba sai an miƙar da kwanon. A nan likitoci biyu ne suke aiki tare, na daidaita haƙora da na tiyatar fuska da muƙamuƙi. Na farko zai jera haƙoran sama a kan ƙashinsu, na ƙasa ma a kan nasu, aikin da kan ɗauki shekara guda zuwa shekara ɗaya da rabi. A wannan lokacin cizon yakan ƙara lalacewa a ido, domin ana warware karkatar da haƙoran suka yi don su ɓoye ta ƙashin, kuma na ga mutanen da suka karaya a wannan gaɓar suka daina zuwa, saboda ba a yi musu bayani tun farko ba. Bayan an gama jerawa sai a ɗauki zubin haƙoran a yi samfurinsu, a gwada aikin a kan samfurin, a ƙera wani ɗan faifan roba mai gurbin kowane haƙori wanda zai nuna wa likitan tiyata inda zai tsayar da ƙashi. Sannan a shiga ɗakin tiyata a yanka ƙashin ta cikin baki, a matsar da shi, a ɗaure da ƙarafa. Hanyar tsaga muƙamuƙin ƙasa ta cikin baki da aka fi amfani da ita a yau ta samo asali ne daga aikin da Richard Trauner da Hugo Obwegeser suka wallafa a 1957, ta sama kuma tana bin layin karaya ta farko cikin ukun da Le Fort ya bayyana. Bayan tiyata akwai wasu watanni kamar shida na ƙarasa daidaitawa da waya, daga nan kuma sai abin riƙe haƙora da ake sawa da dare don kada su koma gidan jiya.

Akwai wata shawara ƙarama da nake ba dangi, wadda take da amfani ƙwarai. A nemo tsofaffin hotunan mai karayar, na salla ko na biki ko na katin shaida, musamman waɗanda yake murmushi haƙoransa suna waje. Ba kowa ne haƙoransa suke a jere tun asali ba, wani yana da wushirya, wani haƙoransa na ƙasa ne a gaba tun haihuwa, kuma likita yana buƙatar ya san yadda bakin yake kafin hatsarin don kada ya yi ta neman abin da bai taɓa kasancewa ba.

Batun yara shi ne ya fi tayar mini da hankali, kuma a kansa nake roƙon iyaye mata da malaman makaranta su saurare ni. Ɗan kan nan na gaban kunne yana daga cikin wuraren da muƙamuƙin yaro yake girma ta nan. Yaro zai faɗo daga bishiya ko daga katanga a kan haɓarsa, ya yi kuka, a wanke masa ciwo, bayan kwana biyu ya koma wasa. A ciki kuwa kan ƙashin ya farfashe, jini ya taru a cikin gaɓar, kuma a hankali wannan jinin zai iya zama ƙashi ya haɗe muƙamuƙi da ƙoƙon kai. Ba a rana ɗaya bakin yake rufewa ba. Wata bayan wata buɗewar tana raguwa, yaron yana daɗewa a kan abinci, yana tura tuwo ta gefen haƙora da yatsa, har a wayi gari cokali ba ya shiga. Tun da gefen da ya lalace ba ya girma yadda ya kamata, fuska takan karkace, ko haɓa ta ƙanƙance ta koma baya, yaron ya riƙa minshari mai ƙarfi yana shaƙewa cikin barci. Wasu iyayen sukan ɗauka iska ce ko sammu, su yi shekaru suna neman magani a inda ba ya nan. Gwajin kuwa mai sauƙi ne: lafiyayyen baki yana karɓar yatsu uku na mai bakin a jere a tsaye tsakanin haƙoran gaba, wato kamar milimita 35 zuwa 50 ga babba. Duk yaron da ya taɓa faɗuwa a kan haɓa, a riƙa gwada shi lokaci lokaci har tsawon shekara, kuma da an ga buɗewar tana raguwa a kai shi asibiti.

Maganin wannan maƙalewa tiyata ce, a cire ƙashin da ya haɗe gaɓar, a wasu yaran kuma a ɗauko guntun haƙarƙari a dasa a wurin don ya ci gaba da girma. Ko sa wa irin wannan yaro bututun numfashi kafin tiyata aiki ne mai hatsari, tun da bakin ba ya buɗewa, shi ya sa ba kowane asibiti ne zai iya ba. Bayan tiyata dole a yi watanni ana motsa bakin kullum, ana tura 'yan itatuwan danne harshe tsakanin turame ana ƙara yawansu, kuma yana da zafi, amma idan uwa ta ji tausayi ta bari, gaɓar za ta sake haɗewa. Ga wanda haɓarsa ta ƙanƙance sosai akwai dabarar tsawaita ƙashi, wadda likitan Rasha Gavriil Ilizarov ya fito da ita a kan ƙasusuwan ƙafa, kuma Joseph McCarthy ya wallafa amfani da ita a muƙamuƙin ɗan Adam a 1992 a Amurka: a yanka ƙashi, a sa na'urar da ke raba ɓangarorin biyu da kimanin milimita ɗaya kowace rana, sabon ƙashi yana cike tsakanin. A duk tsawon wannan tafiya likitan daidaita haƙora yana biye da yaron yana lura da fitowar haƙoransa, kuma gyaran ƙarshe yakan jira har girma ya tsaya, wajen shekara 18 ko sama da haka.

Na sha jin ana cewa sa waya a haƙori kwalliya ce ta 'ya'yan masu kuɗi, kuma wanda ya tsira da ransa daga hatsari ya gode wa Allah ya haƙura da sauran. Godiya ga Allah wajibi ce, amma neman magani bai saɓa mata ba. Mutumin da haƙoransa na gaba ba sa haɗuwa ba zai iya gutsurar nama ko rake ba, yana haɗiye abinci ba tare da ya tauna shi sosai ba, gaɓar muƙamuƙinsa tana ciwo, kansa yana sarawa. Iska tana tsere masa ta ratar haƙora idan yana magana, har wasu haruffa su gagare shi, kuma ga malamin makaranta ko mai karatun Alƙur'ani da ke kula da mafitar kowane harafi, wannan ba ƙaramin rashi ba ne. Budurwar da fuskarta ta karkace takan daina fita, ta riƙa rufe baki da mayafi ko a cikin gidansu. Mayar wa mutum abin da hatsari ya ƙwace masa jinya ce, daidai da ƙafar roba ga wanda ya rasa ƙafa, kuma ban ga dalilin da zai sa a lissafa ta cikin kayan ado ba.

Saboda tsadar aikin da ƙarancin masu yin sa, wasu sun fara faɗawa hannun waɗanda ba likitoci ba, masu manna ƙarfen haƙori a shaguna ko masu tallarsa a shafukan sada zumunta. Ga mai lafiyayyen baki ma wannan ganganci ne, balle wanda haƙoransa suka sha bugu. Waya tana tura haƙori ko da wanda ya ɗaura ta bai san inda take tura shi ba, kuma za ta iya fitar da saiwa daga cikin ƙashi gaba ɗaya. Hukumar da ke yi wa likitoci da likitocin haƙori rajista a Nijeriya tana da hurumi a kan wannan, kuma mara lafiya yana da haƙƙin ya tambayi wanda zai taɓa bakinsa shaidar rajistarsa.

Ina da roƙo ga ɓangarori kaɗan. Ga ma'aikatan sashen ba da agajin gaggawa, musamman a asibitocin ƙananan hukumomi, ina roƙon kada a sallami wanda ya bugu a fuska sai an ce masa ya cije haƙoransa, an tambaye shi ko suna haɗuwa yadda ya saba, an kuma taɓa gaban kunnuwansa yana buɗe baki yana rufewa. Wannan ba ya cin minti biyu kuma ba ya buƙatar na'ura. Idan an ga alama, a rubuta masa takarda a tura shi a ranar zuwa inda ake da sashen tiyatar fuska, kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, ko na Jami'ar Maiduguri. Idan kuma haƙorin babba ya fita ɗungurungum, kada a jefar da shi: a riƙe shi ta kansa ba ta saiwa ba, a sa shi cikin madara, a hanzarta kai shi wurin likitan haƙori cikin awa guda, domin ana iya mayar da shi. Haƙorin nono na yaro kuwa ba a mayar da shi.

Ga manyan asibitocin kuwa, ina roƙon a haɗa likitan tiyatar fuska da na daidaita haƙora su riƙa ganin irin waɗannan marasa lafiya a rana ɗaya a ɗaki ɗaya, domin wanda ya taso daga Gumel ko Ɗanbatta ko Funtuwa ba zai iya zuwa sau biyu a wata ba, kuma yawan kai da kawowa ne yake sa mutane su yanke jinya a tsakiya. Likitocin daidaita haƙora kaɗan ne a ƙasar nan, kuma yawancinsu suna manyan biranen Kudu da Abuja. Tun da akwai tsangayar koyar da likitancin haƙori a Jami'ar Bayero da Jami'ar Maiduguri, gwamnatocin jihohinmu za su iya ɗaukar nauyin wasu daga cikin yaranmu da suka kammala su ƙware a wannan fanni, da sharaɗin su dawo su yi aiki a asibitocin jiha na wasu shekaru.

Ga hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, wadda dokar 2022 ta ba ta ikon wajabta inshora ga kowane ɗan ƙasa, da kuma hukumomin taimakekeniyar lafiya na jihohi, ina roƙon a rubuta ƙarara cewa gyaran cizo da muƙamuƙi bayan karaya yana cikin jinyar hatsari, tun daga ƙarafan tiyata har zuwa wayar haƙori da abin riƙewa na ƙarshe. Jinya ce ta shekara biyu ko fiye, kuma talaka da ke biya daga aljihunsa yakan tsaya a rabi, wanda a wasu lokuta ya fi rashin farawa muni, domin an warware haƙoran ba a kai ga gyara ƙashin ba.

Ga Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda ta fara tilasta sa hular kwano a farkon 2009, ina jan hankali cewa hular da ta rufe ƙoƙon kai kawai tana barin haɓa da muƙamuƙi a waje, kuma su ne suke fara dukan kwalta idan mai babur ya kifa. Ina roƙon a riƙa faɗar wannan a wayar da kan da ake yi a tashoshi da gidajen rediyo, a kuma ƙarfafa wa 'yan kasuwa gwiwar shigo da mai rufe haɓa a farashin da mai babur zai iya saye.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya kiyaye mu daga haɗurra.

Wassalam.

Naka,
Wani tsohon ma'aikacin sashen haƙori,
Kano.